Yadda ake doguwar tafiya da motar ɗaki: daga Jamus zuwa kudancin Sifaniya

Motar ɗaki mota ce da aka gina wa gado, murhu, firji, tankin ruwa da banɗaki a cikinta, ta yadda duk inda dare ya riske ka, masaukinka na tare da kai. Jamusawa na ce mata Wohnmobil, Faransawa camping-car, mutanen Sifaniya kuma autocaravana. Ka riƙe waɗannan sunaye uku, don su za ka riƙa gani a allunan bakin hanya. Misalin da za a bi a nan hanya ce guda: daga birnin Kolon na Jamus, a ratsa Beljiyam da Faransa, a sauka Algeciras a ƙarshen kudancin Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 2,400.

Sabon shiga yakan zauna da taswira yana lissafin garuruwan da zai gani. Amma a motar ɗaki abu huɗu ne ke yanke maka inda za ka kwana da ranar da za ka tsaya: nauyi, ruwa, wutar batir da iskar gas. Kowannensu yana da iyaka, kuma iyakar ta fi kusa fiye da yadda mai ba da haya zai gaya maka.

Takardu tukuna

Lasisin tuƙi na yau da kullum a Turai, mai harafin B, yana ba ka damar jan motar da cikakken nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba. Daga nan zuwa kilo 7,500 sai da lasisin C1. Shi ya sa kusan duk motocin haya aka yi musu rajista a kan 3,500 cif. Mai lasisin Najeriya ko Nijar ya haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa, kuma ya tambayi kamfanin a rubuce ko suna karɓa kafin ya biya ko sisi. Wanda ya tare a Jamus ya sani cewa lasisin gida wata shida kawai yake yi masa aiki daga ranar da ya zama mazauni. Mai bizar ziyara ta Schengen kuma kwana 90 gare shi a cikin kowane kwana 180.

Ka tabbata takardar hayar ta ambaci duk ƙasashen da za ka taka. Kamfanin zai riƙe kuɗin ajiya a katin bankinka, sau da yawa Yuro dubu ɗaya ko fiye, saboda haka katin ya zama yana da sarari. Ka karanta sashen abin da inshora ba ta biya. Lalacewar rufi, da ƙarƙashin mota, da rumfar gefe, galibi a wuyan direba suke.

Wace irin mota

Iri biyu ne za su fi shiga gabanka. Akwai motar kaya da aka mayar ɗaki, yawanci a kan Fiat Ducato, tsawonta mita 5.99 ko 6.36, faɗinta ɗan sama da mita biyu. Akwai kuma wadda aka gina wa akwatin ɗaki a baya, faɗi kamar mita 2.30, tsawo mita bakwai ko kusa, tsayi kusan mita uku. Mata da miji kaɗai, ta farkon ta fi: tana shiga ƙauyuka, ba ta shan mai sosai, iska ba ta wasa da ita. Iyali mai yara biyu sai ta biyun.

Ka ƙirga kujeru masu bel, kada ka ƙirga gadaje. Akwai motar da ke kwanar da mutum shida amma bel huɗu gare ta, kuma doka ba ta yarda kowa ya kwanta a gado ko ya zauna inda babu bel mota na tafiya ba.

Nauyi, wanda kowa ke rainawa

A takardar motar za ka ga nauyinta ba kaya, a ce kilo 2,950. Wannan adadi ya riga ya haɗa da direba mai kilo 75 da tankin mai kusan cike. Idan ka cire shi daga 3,500, saura 550. A ido da yawa ne. To bi lissafin.

Rumfar gefe kilo 40. Batir na biyu kilo 28. Farantin sola da wayoyinsa 12. Kekuna biyu da maratayinsu 45. Uwargida da yara biyu, a ce 150. Cika tankin ruwa ya ƙara kamar 90, tunda kowace lita kilo ɗaya ce. Tukunyar gas ta biyu, ta ƙarfe mai cin kilo 11, idan a cike take ta kai kilo 23 ko 24. An tashi kusan 390. Abin da ya rage, kilo 160, shi zai ɗauki tufafi, tukwane, shinkafa, man girki, kujeru, tebur, wayar wuta da kayan gyara. Ga wani abin kuma: doka ta yarda nauyin mota na gaskiya ya bambanta da na takarda da kashi biyar cikin ɗari, wanda a wannan mota ya kusa kilo 150. Ma'ana kana iya wuce iyaka tun kafin buhun shinkafa ya shiga.

Maganin shi ne sikeli. Bayan ka gama lodi, da kowa a kujerarsa, ka je inda ake awon manyan motoci: wurin karɓar shara na gari, wurin sayen tsofaffin ƙarafa, ko rumbun hatsi na manoma. Kuɗi kaɗan suke karɓa. Ka hau da tayoyin gaba kaɗai a karanta, sannan duka huɗu, sai ka cire na farko daga na biyu ka sami nauyin baya. Akwai ɗan farantin ƙarfe a jikin motar, a ƙarƙashin bonet ko a bakin ƙofa, mai lambobi a jere. Wanda aka sa wa 1 shi ne iyakar gaba, mai 2 iyakar baya. Mota tana iya zama ƙasa da 3,500 amma bayanta ya wuce iyaka, saboda duk abin da ka rataya a bayan tayoyin baya yana danna su fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba. Gaba idan ya yi sauƙi, sitiyari ya yi sako-sako, kuma tayoyin gaba da ke jan motar su riƙa sulɓi a hawa ko a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Kaya masu nauyi, irin su gwangwanaye da ruwan kwalba, a ƙasa suke zama, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Akwatunan sama na tufafi ne da biredi. Idan sikeli ya nuna ka wuce, abu na farko da za ka rage ruwa ne: tafi da lita 20 ko 30, ka cika idan ka isa. Jami'an hanya a Ostiriya da Siwizalan sun yi suna wajen auna motocin ɗaki, kuma bayan tara, ba ka motsawa sai ka sauke abin da ya ƙaru a nan bakin titi.

Ranar karɓar mota

Ka ware awa guda cur, kada ka bari a yi maka gaggawa. Ka ɗauki bidiyon jikin motar duka, har rufi idan da tsani, da gilashin gaba. Ka sa ma'aikacin ya kunna maka firji, hita da tukunyar ruwan zafi a gabanka, sannan kai ma ka kunna da hannunka. Ka tambayi inda akwatin fis yake, da makunnin da ke yanke wutar ɗaki gaba ɗaya, da famfon zubar da ruwan wanke-wanke. Ka duba ko akwai tayar safaya. Motoci da yawa ba su da ita, sai gwangwanin faci wanda ba ya komai idan gefen taya ne ya tsage.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar motar ɗaki tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, don haka wadda ta haura shekara shida abar tuhuma ce. Iskar da ake ba irin waɗannan tayoyi tana da yawa, masu alamar CP, wato na motocin ɗaki, har bar 5.5 a baya, kuma ana aunawa ne da safe taya na sanyi.

Sai ka rubuta tsayi, faɗi da tsawon motar a takarda da manyan lambobi, ka manna inda idonka zai riƙa faɗawa a kai.

Ruwa uku

Akwai ruwa mai kyau, tanki mai cin lita 100 zuwa 120. Akwai ruwan wanka da wanke-wanke, wanda ke taruwa a wani tanki a ƙarƙashin mota mai cin kamar lita 90. Sai akwatin banɗaki, wanda ake zarowa ta wata 'yar ƙofa a waje, mai cin lita 17 zuwa 19.

Mafi munin kuskure a nan shi ne zuba dizal a tankin ruwa. Murafan biyu a wasu motocin kama suke yi, kuma gajiya da duhu ba su bar kowa ba. Idan ya faru, kada ka buɗe famfo ko ɗaya, ka kashe injin tura ruwan nan take. Dizal idan ya tsaya a tanki, tanki kaɗai za a canza. Idan ya shiga bututai da tukunyar ruwan zafi, aikin ya zama na sati da kuɗi masu kauri. Manna jan tef a murfin mai da shuɗi a na ruwa tun ranar farko.

Ka tafi da tiyon kanka na ruwan sha, mita goma, da kawunan famfo iri biyu ko uku, da butar ban ruwa mai dogon baki don wuraren da tiyo ba ya kaiwa. Kada ka taɓa cika tanki da guntun tiyon da ke rataye kusa da ramin banɗaki, domin da shi mutane ke wanke akwatunansu. Ruwan da ya kwana uku ko huɗu a tanki cikin zafin Sifaniya na wanka ne da wanki. Na sha a sayi na kwalba ko a tafasa.

Mutum biyu masu tattali suna cin lita 25 zuwa 30 a yini. Wanka a nan salonsa daban: jiƙa jiki, rufe famfo, sa sabulu, ɗauraye. Wanda ya saba wanka da bokiti ya riga ya iya. Alwala sau biyar ga mutum biyu ita ma tana shiga lissafi, kuma da buta aka fi tattalinta fiye da sakin famfo.

Batun banɗaki yana buƙatar a faɗe shi ƙarara. Lissafin da masu haya ke bayarwa, wai akwati yana kai mutum biyu kwana uku, lissafin masu amfani da takarda ne. Mai tsarki da ruwa zai cika shi a kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Saboda haka ko dai ka tsara tsayawa wurin zubarwa kullum, ko ka nemi akwati na biyu, ko ku riƙa amfani da banɗakunan gidajen mai da rana ku bar na mota don dare. Jar fitila idan ta kama, saura kaɗan ya cika. Kada ka ce bari a ƙara sau ɗaya.

Ga yadda ake zubarwa. Tabbatar murfin da ke ƙasan mazaunin a rufe yake, in ba haka ba akwatin ba zai zaru ba, kuma idan ka ja da ƙarfi za ka karya maƙallin. Zaro shi, kai shi ramin da aka tanada, wanda galibi aka rubuta wa WC chimique ko Chemie-WC. Juya bututun sama, kwance murfinsa ka ajiye nesa da ramin, don murafai da yawa sun tafi ta nan. Karkata akwatin, kana danne da maɓallin iska da babban yatsa. Shi ke hana abin fita da tsalle ya fantsamo maka. Zuba ruwa lita biyu, girgiza a hankali, zubar, maimaita har ruwan ya fito fari. Sannan ka sa maganin banɗaki gwargwadon abin da aka rubuta a kwalba, da ruwa lita biyu. Ba a zubar da shi a magudanar ruwan sama ko a daji, ko da dare ne ba mai gani. Irin wannan ne ya sa garuruwa da dama suka rufe wuraren kwanansu.

Wata dabara da ba a cika faɗa ba: bayan hawan dutse ko yini mai zafi, iska tana taruwa a cikin akwatin. Ka fara buɗe murfin ƙasa alhali marfin sama na rufe, iskar ta fita, sannan ka ɗaga.

Wuta

Batir biyu ne. Ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki, kuma a rabe suke don kada fitilun dare su hana ka tashi da safe. Na ɗakin yana samun caji ta hanya uku: idan inji na aiki, idan an jona da wutar sansani, wato filin kwanan motocin ɗaki da ake biya, ko daga sola.

Batirin dalma mai Ah 95, wato ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa, rabinsa kawai naka ne, kamar 47. Idan ka saba shanye shi fiye da haka, ba zai daɗe ba. A allon da ke saman ƙofa, mai nuna ƙarfin wutar batir, 12.7 na nufin a cike yake, 12.2 rabi, 12.0 kuwa ka kashe komai. Ana karanta wannan ne lokacin da ba a caji kuma ba abin da ke ja. Firji mai kwamfuresa kaɗai yana cin Ah 30 zuwa 45 a yinin zafi. Ƙara fitilu, famfo, cajin wayoyi da fankar hita, za ka ga dare ɗaya ne, ko biyu da ƙyar, ba tare da ka yi tuƙi ko ka jona ba. Batirin litiyam yana ba da kusan ninki biyu a girma ɗaya kuma bai kai rabin nauyin ba, sai dai ba ya karɓar caji idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, in ba mai hita a ciki ba ne.

A sansani za a ba ka wuta mai ƙarfin 230 ta shuɗin soket mai ƙafa uku. Tambayi amfiya nawa ne. Shida sau 230 ya ba da wat 1,380. Butar lantarki ta gida tana jan 2,000, don haka da ka kunna ta wutar za ta ɗauke, wani lokaci har da ta maƙwabta, kuma akwatin makunnin yana iya zama a kulle sai safe. Tafasa ruwa a kan gas. Wayar mai mita 25 kuma a warware ta duka ko da soket ɗin na kusa, saboda waya a naɗe tana ɗaukar zafi har ta narke. Jona ɓangaren mota tukuna, sannan na sansani. Wajen cirewa a fara da na sansani.

Iskar gas

A nan ne mai fitowa daga Jamus ke shan mamaki. Tukunyar gas ta Jamus ba a musanya ta a Faransa ko Sifaniya, kowace ƙasa da irin tukunyarta da irin bakinta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tashi da tukwane biyu cike masu kilo 11. Da rani, girki da firji da ruwan zafi, tukunya ɗaya tana kai mako biyu zuwa uku. Da hunturu kuwa, hita na aiki dare da rana, kwana uku zuwa huɗu ta ƙare. Mai tafiyar hunturu ya sayi jerin kawunan haɗi na ƙasashen Turai tun a Jamus, don ya iya ɗaura tukunyar ƙasar da ya shiga.

Ka nemi furofen, kada ka karɓi butan idan akwai sanyi a gabanka. Butan yana daina zama iska da zarar sanyi ya kai sifiri, sai ka ji tukunya da nauyi amma murhu ya ƙi kamawa. Furofen yana aiki har ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifiri. Tsakiyar Sifaniya, wajen Burgos da Salamanca, tudu ne mai tsayin mita 800 da wani abu, kuma ƙanƙara na kwanta a can da dare har cikin Maris.

Tukwane a tsaye suke zama, a ɗaure, kuma ramin da ke ƙasan akwatinsu ba a toshe shi, domin gas ya fi iska nauyi, ta nan yake fita idan ya zubo. Ana rufe tukunya kafin a tashi, sai fa idan motar na da na'urar da ke yanke gas da kanta lokacin haɗari. A gidan mai da cikin jirgin ruwa komai a kashe. Idan kana zargin yoyo, shafa ruwan sabulu a mahaɗar ka ga ko zai yi kumfa. Ba a ɗumama ɗaki da murhun girki ko na minti goma ne: hayaƙinsa ba shi da wari, barci yake sa mutum, kuma a ɗaki ƙarami irin wannan yana kisa. Ƙaramar na'urar ƙararrawa mai gano wannan hayaƙi ba ta da tsada, ka saya ko da motar haya ce.

Idan firjinka mai aiki da gas ne, yana son mota ta daidaita. Karkata kaɗan ta isa ta hana shi sanyi. Shi ya sa ake tafiya da waigi biyu na roba masu matakala: ajiye kofin ruwa a kan tebur ka ga ɓangaren da ya yi ƙasa, sa waigin a gaban tayoyin wannan ɓangare, hau a hankali da giya ta ɗaya, ja birkin hannu.

Masu hitar kamfanin Truma su san wani ɗan famfo kusa da tukunyar ruwan zafi, wanda ke buɗe kansa idan sanyin wurin ya sauka kusan digiri 3, ya zubar da ruwan don kada ƙanƙara ta fasa tukunyar. Idan injin tura ruwa na kunne, yana iya kwashe tankin gaba ɗaya ya zubar a ƙasa. Ka tashi da safe ka ga tafki a ƙarƙashin mota, ba fashewa ba ce. Kunna hita, jira wurin ya kai kamar digiri 7, sannan maɓallin zai yarda ya koma.

A kan titi

Gudu tsakanin 90 da 100 ya isa. A nan motar tana shan lita 9 zuwa 11 a kilomita ɗari. Ka kai 120, sai ta haura 13. Zuwa kaɗai, ka yi lissafin lita 240 zuwa 260. A Faransa sunan dizal gazole, a Sifaniya gasóleo A. Mai harafin B na taraktoci ne, an rina shi ja, kuma laifi ne a same shi a tankinka. Gidajen man manyan kantuna irin su Leclerc da Intermarché sun fi na babbar hanya araha sosai, amma ka dubi tsayin rumfarsu da ƙuncin mafitarsu kafin ka kutsa.

Bayan motar yana da tsawo a bayan taya, don haka idan ka karya kwana dama, wutsiyar tana fita hagu. Bar tazara da bango da motocin da ke ajiye kafin ka juya. Wajen ribas, ko da kyamara, mutum ɗaya ya sauka ya yi aikin yaron mota, ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, yana duban sama: rassan bishiya da bakin rufin gidaje su ke fasa tagar rufi. Idan ya ɓace daga madubi, taka birki.

A gangara mai tsawo, irin waɗanda za ka tarar a ƙasar Bask ta arewacin Sifaniya, bayan garin Irun na bakin iyaka, sauka da giyar da za ka hau da ita, ta uku ko ta biyu, inji ya riƙe motar. Taka birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, saki, bar shi ya huce. Wanda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama zai ji wari, sannan ya ji birkin ya yi laushi. Idan babbar mota za ta wuce ka, za ka ji ta tura ka gefe sannan ta janyo ka. Riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka yi gardama da ita.

Wuraren ajiye motoci da yawa an gindaya musu ƙarfe a tsayin mita biyu. Birnin Rouen na Faransa kuma yana da gajerun hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka aske rufin motocin ɗaki ba adadi. Manhajar taswira ta waya ba ta san tsayinka ba, ita mota ƙarama take yi wa jagora.

Kuɗin hanya da rabon kwanaki

Manyan hanyoyin Jamus da Beljiyam kyauta ne ga irin wannan mota. A Faransa ake biya, kuma tsayi ne ke yanke aji: tsakanin mita biyu da uku aji na 2, daga mita uku zuwa sama aji na 3, mai tsada sosai. Na'urar wani lokaci takan ga akwatin rufi ko tagar sama ta sa ka a aji na 3 bisa kuskure. Kada ka biya. Danna maɓallin kira ka ce camping-car, classe deux. Kuma kada ka shiga layin da aka gindaya wa ƙarfen mita biyu.

Mai son rage kuɗi ya bar babbar hanyar A10 a Poitiers ya kama hanyar N10 ta Angoulême zuwa Bordeaux, hanya ce mai kyau ba biya. Daga Bordeaux zuwa iyaka A63 ce, ana biya. A Sifaniya bayan ka fita ƙasar Bask, hanyar Burgos, Valladolid da Salamanca, sannan A-66 ta Cáceres da Mérida har Sevilla, duk kyauta ce. Shiga tsakiyar manyan biranen Faransa yana buƙatar takardar Crit'Air, mai nuna ajin hayaƙin mota, a gilashi, na Jamus kuma koren tambari; tambayi kamfanin ko motar na da su. Kekuna idan sun fito bayan mota, Sifaniya na buƙatar allo mai ratsin ja da fari a jikinsu.

Kilomita 300 a yini ya wadatar, wato kwana takwas na tuƙi zuwa Algeciras, kuma bayan kowane kwana uku a huta yini guda a sansani mai wuta da injin wanki. Yi cefane ranar Asabar. Kantunan Jamus ba sa buɗewa ranar Lahadi, na Faransa da yawa zuwa azahar suke rufewa. Naman halal yana samuwa cikin sauƙi a manyan garuruwan Faransa, amma tsakanin Burgos da Sevilla sai an nema, don haka cika firji a Bordeaux.

Inda ake kwana

Faransa na da dubban wuraren da ƙananan hukumomi suka tanada, aire de camping-car, wasu kyauta wasu kuɗi kaɗan, galibi da famfo da ramin zubarwa. A Jamus sunansu Stellplatz, a Sifaniya área de autocaravanas. Manhajar Park4night tana nuna su tare da sharhin waɗanda suka kwana. Karanta na kwanan nan. Isa kafin ƙarfe huɗu na yamma, da wuri na biyu a zuciyarka idan ka tarar an cika.

Dokar Sifaniya ta bambanta ajiye mota da kafa sansani. Muddin tayoyinka ne kaɗai a ƙasa kuma ba abin da ya fito daga jikin motar, ajiyewa ka yi. Da ka fito da kujera, ka buɗe rumfa, ko ka tura taga waje, ka kafa sansani, kuma a wurin da ba a yarda ba tara ce. Garuruwan bakin teku suna da nasu ƙarin dokokin, allon da ke wurin shi ne hukunci. Wuraren hutawa na manyan hanyoyi, musamman a kudancin Faransa da Sifaniya, na shan shayi ne da rana. Ɓarayin dare sun san su sarai. Fita daga babbar hanya kilomita biyar ko goma zuwa wani ƙauye ya fi kwanciyar hankali. Kuma idan wani ya matso da mota yana nuna maka wai tayarka ta sace, kada ka tsaya sai a gidan mai mai jama'a.

Da dare bar tagar rufi a ɗan buɗe ko ana sanyi. Numfashin mutum huɗu yana jiƙa gilashi da bango, daga nan sai katifa ta fara warin ruma.

Kafin a tashi kowace safiya

Zagaya motar sau ɗaya, ta hanya ɗaya kullum. An cire wayar wuta an naɗe. An rufe gas. Tagogin rufi da na gefe a rufe, an maƙale su, domin tagar rufi da aka manta iska ke fizge ta a kan babbar hanya. An naɗe rumfa, an shigar da matakalar ƙofa, an sauka daga waigi an ɗauke su. Ƙofar firji a maƙale, kowane akwati an danna maɓallinsa, ba wuƙa ko tukunya a kan kanta. Famfon ruwan wanke-wanke a rufe. Matsa gaba mita biyar, tsaya, sauko ka dubi inda ka kwana.

Wanda ya isa Algeciras ya hango duwatsun Maroko zai so tsallakawa, tunda jirgin ruwa zuwa Tanger Med kamar awa ɗaya da rabi ne. Da motar haya sai da izinin kamfanin a rubuce, da takardar rajistar motar ta asali, da inshorar da ta ambaci Maroko, kuma yawancin kamfanoni ba sa bayarwa. Fita daga yankin Schengen kuma yana cinye bizar da aka ba da don shiga sau ɗaya, don haka duba abin da aka buga a fasfonka kafin ka sayi tikitin jirgin.